Ejan ya ce in shiga da bizar Umara, aiki yana jirana a Makka

Assalamu alaikum Kawu. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni matashi ne ɗan shekara 29, a Kano nake zaune, sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Shekara takwas ke nan ina yi, ina da ɗan shago na haya da yara biyu da nake koya wa aiki. Ina da mata da 'ya ɗaya. Gaskiya kasuwa ta ja baya, kuɗin haya ya ninka, abin da nake samu da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata.

Mijin yayata ya haɗa ni da wani ejan da ya ce yana kai mutane Saudiyya. Ya ba ni zaɓi biyu. Na farko in biya naira miliyan biyu da rabi a yi mini bizar Umara, in na gama ibada in zauna, 'yan'uwanmu da ke Makka za su haɗa ni da aiki. Na biyu shi ne abin da ya kira firi biza, naira miliyan biyar, za a yi mini igama, wato katin zama a ƙasar, amma ba ni da maigida, in yi aiki duk inda na ga dama. Ya ce a takarda za a rubuta direban gida, amma wannan rubutu ne kawai. Ina da aboki a unguwar Shara Mansur da ke Makka, kullum yana turo mini hotuna, yana cewa mai sana'ata ba ya kwana da yunwa a can. Mahaifiyata ta yarda a sayar da fulotin da mahaifinmu ya bar mana, ni da ƙannena mata biyu. Ejan yana son rabin kuɗi da fasfona kafin ƙarshen wata. Kawu, wanne zan ɗauka? In kuma fasawa ce ta fi, yaya zan yi da mijin yayata?

Naka, wani matashi daga Kano.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya maka 'yarka.

Ka tambaye ni wanne za ka ɗauka. Ko ɗaya. Kuma kada fasfonka ya bar hannunka, kada a kira dillalin fuloti, har sai ka gama karanta wannan ka kwana a kansa. Ba na cewa kada ka je Saudiyya. Ni kaina na yi shekara goma sha ɗaya a Jidda ina tsaron sito a wani kamfani, da guminta na gina gidan da nake ciki. Abin da nake cewa shi ne, cikin hanyoyi biyun da aka shimfiɗa maka babu wadda ta ba ka izinin aiki. Izinin shiga ƙasa suka ba ka, su biyun, kuma tsakanin shiga ƙasa da halaccin yin aiki a cikinta akwai rata mai faɗi wadda ejan ba zai so ka leƙa ba.

Mu nan mun saba da iyaka mai laushi. Mutum ya tashi daga Jibiya ya kwana a Maraɗi, ya kafa teburinsa, ba wanda ya ce masa kanzil. Kakanninmu ma haka suka tafi gabas da ƙafa, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu suka tsallaka Maliya suka zauna a Makka da Madina har suka hayayyafa. Wannan tarihin ne ya sa har gobe muke jin kamar Makka wata unguwa ce a bayan gari, in ka shiga ka shiga. To wancan zamanin ya wuce. Yau tun a filin jirgi ake ɗaukar hoton yatsunka da na fuskarka, kwamfuta ta rubuta ranar da ka shiga da ranar da ya kamata ka fita, kuma ba ta mantuwa, ba ta jin magiya.

Bari in fara da yadda abin yake in an bi shi ta ƙofa, don in ka ga na gaskiya za ka gane jabu da kanka. A Saudiyya ba ma'aikaci ne yake neman bizar aiki ba. Mai ɗaukar aiki ne, wanda ake kira kafili, kamfani ne ko mutum ɗaya, yake neman izini daga ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar cewa yana bukatar ma'aikaci daga ƙasa kaza, mai sana'a kaza. In an ba shi, bizar tana fitowa da lambarta, da sunan kafilin, da sunan sana'ar. Shi ne zai wakilta wani ofishin ɗaukar ma'aikata a nan ya nemo masa mutum. Za a ba ka yarjejeniyar aiki a rubuce, ka je gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadancinsu ya amince da shi, a ɗauki yatsunka, a buga maka biza. Suna da ofishin jakadanci a Abuja, suna da ƙaramin ofishi a nan Kano, ba sai ka yi nisa ba. In ka sauka, kafili yana da kwana 90 ya fitar maka da lasisin aiki da katin zama, wato igama. Yarjejeniyar kuma ana shigar da ita a manhajar gwamnati mai suna Qiwa, kai da kanka za ka buɗe ta a wayarka ka karanta ka danna amincewa.

Ka lura da abu ɗaya cikin duk wannan: izinin yana ɗaure da suna biyu, sunan wanda za ka yi wa aiki da sunan aikin da za ka yi. Dokar ƙwadagonsu, a sashe na 39, ta hana ma'aikaci yin aiki wurin wani ba kafilinsa ba, ta hana shi yin aiki na ƙashin kansa, ta kuma hana kafilin ya sake shi ya je ya yi hakan. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ka aiki Saudiyya amma ya kasa faɗa maka sunan wanda za ka yi wa aikin, cinikin biri a sama yake yi da kai.

Ga wani abin da ejan bai gaya maka ba. Sashe na 40 na wannan dokar ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin kawo ma'aikaci, da kuɗin igama, da na lasisin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida in yarjejeniya ta ƙare. Inshorar lafiya ma a kansa take. Na sani a zahiri ofisoshin nan sukan karɓi ladan hidimarsu, kai ma za ka kashe a fasfo da zirga-zirga da takardu. Amma in ka ji an ce miliyan biyar, ka tambayi kanka: kuɗin me? Wanda yake bukatar mai gyaran na'ura da gaske, shi yake biya a kawo masa. Wanda yake karɓar kuɗi a hannunka don ya kawo ka, ba aikinka yake so ba, kai ne hajar.

Yanzu zaɓinka na farko, Umara. Wannan ba zan daɗe a kansa ba don a fili yake. Bizar Umara ta ibada ce, iyakar zamanta kwana 90, kuma ba a aiki da ita. Haka bizar ziyara, haka ta yawon buɗe ido da suka buɗe a 2019. Ranar da kwanakinka suka cika ka zama mai laifi, ko kana cikin Harami kana ɗawafi. Hukuncin wanda ya wuce wa'adi yana iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan kora. Wanda ya ba ka masauki ko ya ɗauke ka aiki shi ma yana cikin ruwa, tararsa tana iya kaiwa riyal 100,000. Ka ga abokinka na Shara Mansur, in yana da takarda, zai sa ta cikin haɗari saboda kai. In ba shi da ita, to makaho ne zai yi wa makaho jagora.

Hotunan da yake turo maka ban ce ƙarya ba ne. Ana samun kuɗi. Amma ka tambaye shi abin da hoto ba ya ɗauka. Da sunan wa ya yi rajistar layin wayarsa? A wane banki yake ajiya? In zai turo kuɗi gida, ta hannun wa, nawa ake yanka? In zazzaɓi ya kwantar da shi, wane asibiti ne zai karɓe shi? In ya yi wa Balarabe aikin kwana uku aka hana shi kuɗinsa, gun wa zai kai ƙara? In ya hango motar askarawa a bakin layi, me yake yi? Yaushe rabonsa da ganin mahaifiyarsa? Marar igama ba ya zuwa gida hutu, domin ƙofar fitarsa ɗaya ce, ta Tarhil, wato a tsare shi a sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda har ranar da za a sa shi a jirgi. Na ga abin da ya faru a 2013, lokacin da wa'adin afuwa ya cika a watan Nuwamba aka shiga kame unguwa-unguwa. Na ga mutanen da suka shekara ashirin a ƙasar sun fita da kayan jikinsu kaɗai. An sake yin irin wannan shara a 2017, kuma har yau kamen bai tsaya ba. Wanda aka kora da hoton yatsu, ƙofar komawa aiki ta rufe masa, shekaru masu yawa ko ma har abada.

Akwai kuma ɓangaren da ke tsakaninka da Ubangijinka. Za ka ɗaura harami da niyya biyu a zuciya, ka karɓi biza bisa sharaɗin za ka fita alhali ka san ba za ka fita ba. Hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ni ba malami ba ne, ka tambayi limaminku, amma ka gaya masa labarin duka, kada ka yanke masa rabi.

Zaɓi na biyu shi ne wanda ya fi cin mutanen kirki, domin yana da kamannin halas. Akwai biza ta gaske, akwai igama ta gaske, za ka wuce filin jirgi kanka a sama. Amma a dokar Saudiyya babu wani abu mai suna firi biza. Abin da ke faruwa shi ne, wani ɗan ƙasa ya nemi biza da sunan yana bukatar ma'aikaci alhali ba ya bukata, ya sayar da ita ga dillali, dillali ya sayar wa ejan, ejan ya sayar maka. Cinikin biza laifi ne a wurinsu. Da ejan ya ce ba ka da maigida, ƙarya ya yi. Kana da shi, sunansa yana jikin igamarka. Abin da ba ka da shi shi ne albashi. Duk ikon da kafili yake da shi a kanka yana nan daram, duk haƙƙin da kake da shi a kansa ka yafe tun kafin ka taka jirgi.

Ka yi lissafi da ni. Yawancin kamfanoni suna biya wa kowane baƙon ma'aikaci harajin lasisin aiki riyal 700 ko 800 a wata, wato ya kai riyal 9,600 a shekara, ga kuɗin igama riyal 650, ga inshora. Kafilin da ba ka yi masa aikin komai, kana jin daga aljihunsa zai fitar da wannan? Kai za ka biya, ka ɗora masa nasa kason a kai, wata-wata ko shekara-shekara. Ranar da ka gaza, ko ranar da ya ga dama ya ƙara farashi kuka yi sa-in-sa, waya kawai zai ɗauka ya shigar da rahoto cewa ma'aikacinsa ya daina zuwa aiki. Shi ne abin da mutanenmu suke kira hurub. Kuma ba za ka iya ƙaryata shi ba, domin gaskiya ne ba ka taɓa zuwa ba. Ka je kotu ka ce me? Cewa kun haɗa baki kun karya doka, yanzu ya ci amanarka?

Sai batun direban gida, wanda aka ce maka rubutu ne kawai. Ɗana, a Saudiyya rubutun shi ne komai. Dalilin da ya sa dillalai suke son bizar direban gida shi ne ta fi araha: ɗan ƙasa ba ya biyan wancan harajin a kan 'yan aikin gidansa har mutum huɗu. Amma direban gida, da mai aikatau, da mai lambu, da makiyayi, ba sa cikin gyaran dokar da aka yi wa sauran ma'aikata. Ka ji ana cewa Saudiyya ta sassauta tsarin kafili, to ga abin da ya faru. Daga ranar 14 ga Maris 2021, ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfanin bayan ya cika shekara ɗaya ba tare da yardar kafilinsa ba, in ya ba da sanarwa. Yana iya komawa tun kafin shekarar in an hana shi albashi wata uku a jere, ko in ba a fitar masa da lasisin aiki cikin kwana 90 ba. Yana iya neman bizar fita da dawowa, ko ta fita gaba ɗaya, da kansa ta manhajar Absher. Wannan sauƙi ne babba, mu da muka yi zamanin da sai kafili ya sa hannu kafin ka je jana'izar ubanka mun san darajarsa. To wanda igamarsa ta ce direban gida ba ya cikin wannan. Su tsarinsu daban ne, ta manhajar Musaned ake bi da lamarinsu. Wato za ka sayar da gadon marayu ka sayi matsayin da ya fi kowanne rauni a ƙasar.

Sannan ka hango kanka a kan rufin wani gida a Jidda, ga tukunyar gas, ga sifana a hannu, jami'an bincike suka ce kawo igama. Suka duba: direban gidan wane, a wani gari mai nisan kilomita ɗaruruwa. Laifi biyu ke nan a take, aiki wurin wanda ba kafilinka ba, da aikin da ba shi aka ba ka izini ba. Makomarka da ta mai bizar Umara ɗaya ce, sai dai kai ka biya ninki biyu kafin ka isa Shumaisi. In kuma ka ce za ka buɗe shago da sunan wani ɗan ƙasa kai kana juya shi a ɓoye, kamar yadda za a ba ka shawara in ka kwana biyu, wannan suna kiransa tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar.

Na san za ka ce, Kawu, ai ga su wane da wane can suna yi shekara da shekaru ba abin da ya same su. Haka ne. Waɗanda ba a kama ba su ne suke turo hoto. Waɗanda aka kama suna nan cikin gari, wasu a layinku, ba sa son a tayar da zancen.

To mene ne abin yi? Abin da ya ba ni haushi a wasiƙarka shi ne, kai ba irin mutumin da ya kamata ya shiga ta taga ba ne. Ƙasar da zafi yake sa hukuma ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku na yamma, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba, ba ta rabuwa da bukatar mai gyaran na'urar sanyi. Otal-otal, asibitoci, manyan kantuna, kamfanonin kula da gine-gine, duk suna ɗaukar masu sana'arka da sunan sana'arsu. Abin da ya rage maka shi ne shaida. Shekara takwas a shago ilimi ne, amma kamfani takarda yake gani. Ka je ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ka nemi gwajin sana'a da suke yi, ka karɓi takardar shaidarsa. Ka roƙi manyan wuraren da ka taɓa yi wa aiki su rubuta maka shaida a kan takardarsu mai hatimi. Ka fara koyon Larabcin kasuwa da ɗan Turancin aiki, sunayen kayan gyara da lambobi. Saudiyya ma ta shigo da jarrabawar tantance masu sana'ar hannu tun 2021, kuma gyaran na'urar sanyi yana cikin sana'o'in da abin ya shafa, don haka ka shirya a gwada hannunka. Duk wannan ba zai ci maka ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin fuloti ba.

A ofishin ma'aikatar ƙwadagon nan tamu dai za ka tambayi jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje, domin a Najeriya ma'aikatar ƙwadago ce take ba da shi. Ejan mai shirya Umara da tikitin jirgi daban, mai lasisin kai ma'aikata daban, ko da a shago ɗaya suke zaune. Duk wanda za ka yi hulɗa da shi, ka ce ya nuna maka lasisinsa, ka je ka tabbatar da kanka. Ka ce ya ba ka kwafin bizar mai ɗauke da lamba da sunan kafili da sana'a, ka kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta maka, wanda ba ejan ne ya zaɓo shi ba. Kowane kobo ka biya ta banki, zuwa asusun kamfani, da rasit. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce maka yau ko gobe, in ba ka kawo ba wani zai ɗauka, ka ce masa Allah ya ba mai rabo.

In yarjejeniya ta zo, kada ɗokin tafiya ya sa ka sa hannu a tsaye. Ta baƙo dole ta zama a rubuce kuma mai wa'adi, kuma in an samu saɓani tsakanin Larabci da fassara, Larabcin ake bi. Ka duba ainihin albashi daban da alawus. Ka duba masauki da mota da abinci, a kan wa suke. Aiki awa takwas ne a rana, 48 a mako, a Ramadan awa shida ga Musulmi, abin da ya haura na ƙarin lokaci ne da kuɗinsa. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 in ka cika shekara biyar. In wa'adin yarjejeniya ya ƙare akwai kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Albashi ta banki ake biya, hukuma tana gani. In ka isa, ka tabbatar abin da ke cikin Qiwa shi ne abin da ka sa wa hannu a Kano, in ya bambanta kada ka danna. In rigima ta taso akwai zaman sulhu a ofishin ƙwadago, in ya gagara a wuce kotun ma'aikata, lambar kiran ma'aikatar kuma 19911 ce. Ofishin jakadancinmu yana Riyad, ƙaraminsa yana Jidda.

Fasfo kuwa naka ne. Ni shekarata ta farko wani manaja ya karɓe nawa ya kulle a durowa, ya ce al'adar kamfani ce, na yi shiru don ban san doka ta hana ba. Da aka aiko mahaifina ba lafiya, kwana tara na yi ina bin mutumin nan kamar mai bara. Na iso an yi sadakar uku. Shi ya sa da na karanta cewa ejan yana son fasfonka tun kafin ka ga ko inuwar biza, sai da na ajiye takardar na tashi na zaga.

Kada kuma ka tafi da lissafin mafarki. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a kan dala ɗaya, shi ya sa in ka juya albashi zuwa naira sai ka ga kamar ka yi arziki. Ka cire abinci, ka cire waya, ka cire abin da za ka riƙa turo wa gida biyu, naka da na Hajiya, sannan ka kwatanta da abin da shagonka yake kawowa a watan zafi. Ɗauko iyali ma ba kowace sana'a ake ba wa dama ba, inda aka bayar kuma akwai harajin riyal 400 a wata a kan kowane mutum. Ma'ana ka sa a ranka shekara biyu za ka yi ba ka ga 'yarka ba sai ta waya. Ka zauna da matarka ku yi wannan maganar, don ban ga ra'ayinta a wasiƙarka ba, kuma ita za ta ɗauki rabin nauyin. Shagon ma kada ka rufe shi. Ka bar wa babban yaronka da sharaɗi a rubuce, ko ba komai kana da wurin dawowa.

Fuloti ba naka ba ne kai kaɗai. Hajiya tana da tumuninta, ƙannenka suna da kasonsu, kuma yardar uwa da ta ga ɗanta cikin damuwa ba ita ce yardar ƙanne ba. Yarinya ba za ta iya kallon idon yayanta ta ce a'a ba, musamman a gaban mahaifiya. In kuɗin ya narke, ba kai kaɗai ka yi asara ba, kayan ɗakinsu ka ƙona. Ka je ka durƙusa gaban Hajiya ka ce kin yi mini komai, Allah ya saka, amma na bincika na ga hanyar ba ta da kyau, a bar fulotin. Za ta fi ka samun barci.

Mijin yayarka kuma, kada ka ɗauka da mugun nufi ya yi. Mai yiwuwa shi ma abin da aka gaya masa ya gaya maka. Kada ka aika masa saƙo a waya, kada ka bi ta wurin yayarka, ka sa ta tsakiya. Ka je gidansa bayan Magariba, ka gaishe shi, ka gode masa da ya tuna da kai. Sannan ka ce, Yaya, na nemi shawara an ce in nemi abu uku kafin in biya: lasisin ejan na kai ma'aikata, da kwafin biza mai sunan kafili da sana'ata ta gyaran na'ura, da yarjejeniyar albashi a rubuce. Don Allah ka raka ni mu karɓo. Ka ga ba ka ce masa ya kawo maka ɗan damfara ba, ba ka kuma ce ka fasa ba. Ka bar ejan ya ba da amsa a gabansa. In ya fara kame-kame, Yayan naka da kansa zai ja hannunka ku fito, kuma shi zai riga ka gaya wa Hajiya. In har ka riga ka ba da wani abu kafin wasiƙar nan ta iso ni, ka nemi a dawo maka da shi a gaban shaidu, in ya ƙi akwai 'yan sanda, akwai kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, tana da ofishi a Kano.

In kuwa ya kawo takardun uku, ka ɗauki hotonsu ka rufe lambar fasfonka ka turo mini, mu karanta tare kafin ka biya ko sisi.

Naka, Kawu.